Tallafin noma da kiwo: shanu za mu nema ko abincin shanu?

Malam Habu Sakatare: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙungiyarmu ta manoma a yankin Bichi tana cike takardar neman tallafi, irin wanda ake ba masu haɗa noma da kiwo a gona ɗaya. Akwai gurbin da aka ce mu rubuta abin da za mu yi da kuɗin, kuma a nan kanmu ya rabu. Mafi yawan mutanenmu sun ce a rubuta shanu, kowa ya samu ko da karsana ɗaya. Mu kaɗan muna ganin a nemi rumbun ajiye harawa, injin daddatsa kara, amalanke da irin wake. Kowa a cikinmu yana noma gero, dawa, wake da gyaɗa, kuma kusan kowane gida akwai 'yan awaki ko tumaki. Masu saniya ba su da yawa. Don Allah waɗanda suka san harkar su ba mu shawara kafin mu miƙa takarda.

Alhaji Ɗanladi: Wa alaikumus salam. Malam Habu, ku rubuta shanu. Rumbu kowa yana iya yi da kara da laka, amma saniya sai mai hali. Idan an ba talaka dama sau ɗaya, ya kama abin da hannunsa ba zai kai gare shi ba. Saniya ta haihu, a sha nono, a samu taki, in ɗan maraƙi ya girma a ɗaura masa garma. Wannan ita ce dukiya tun kaka da kakanni.

Malamin Gona, Zariya: Alhaji, Allah ya ƙara girma. Ban ƙi maganarka ba, amma ina so mu yi lissafi kafin mu yanke. Saniya mai nauyin kilo 250 tana cin busasshen abinci kusan kilo 6 a rana. Daga lokacin da ciyawa ta bushe zuwa saukar damina, a ƙasar Kano, wata shida ne ko bakwai. Ka ga ya haura tan guda na abinci ga saniya ɗaya, ban da ruwan da za ta sha a watan Afrilu. Manomin da gonarsa ba ta wuce kadada ɗaya ko biyu ba, wanda matarsa ke da awaki huɗu suna jiran wannan harawar, daga ina zai fitar da tan guda? Karan dawa yana nan, amma kara tsurarsa cika ciki kawai yake, ba ya sa ƙiba, ba ya kawo nono.

Abin da na gani a ƙauyuka da dama shi ne, ana raba dabbobi da kaka, lokacin da gari ya yi albarka, a ɗauki hoto, kowa na murna. Sai bazara ta kama, buhun harawa ya yi tsada, dabba ta rame, mai ita ya kai ta Wudil ko Ɗambatta ya sayar da asara. Ba mugun hali ne ya sa shi ba, abincinta ne ya gagare shi. Shi ya sa nake goyon bayan ɓangaren Malam Habu. Abin da ke haɗa gona da garke abu biyu ne, abincin da ke fita daga gona zuwa bakin dabba, da takin da ke fita daga turke zuwa gona. Duk kuɗin da bai gyara waɗannan hanyoyi biyu ba, to an ba mutum noma daban, kiwo daban, an sa musu suna ɗaya a takarda.

Alhaji Ɗanladi: To Malam, iyayenmu da suka riƙe shanu, wane injin daddatsa kara suke da shi?

Malamin Gona, Zariya: Suna da daji, Alhaji. Suna da saura, suna da makiyaya, suna da fadamar da ba a noma. Yau ka fita daga Kano zuwa Bichi ka nuna min saura ɗaya. Ko'ina gona ce. Kuma su kansu iyayen namu na kewayen Kano ba su taɓa wasa da taki ba: da jakuna da mangala suke shiga birni su kwaso shara da taki su zuba a gona, shi ya sa suke noma ƙasa ɗaya shekara da shekaru ba ta mutu ba. Wannan tsarin namu ne, ba daga waje aka kawo mana ba. Abin da ya ragu shi ne filin kiwo, don haka dole gona ta ɗauki nauyin ciyar da dabba.

Auwal Ɗan Kura: Ni dai tambayata ta fi wannan sauƙi. Kuɗin zai zo hannun manomi kuwa? Mun cike takardu har mun gaji. Wata shekara aka karɓi hotunanmu da lambar asusu, har da kuɗin fom, daga nan shiru. Da aka yi rabo sai muka ga mutanen da ko fartanya ba su riƙewa suna jan raguna.

Malam Habu Sakatare: Auwal, mu ba a karɓi ko sisi ba wajen fom ɗin. Sharaɗin da suka sa shi ne rajistar ƙungiya, asusun banki da sunan ƙungiya, da kuma kason da za mu zuba daga aljihunmu.

Ma'aikacin Banki Mai Ritaya: Bari in tsoma baki a nan, domin kalmar tallafi ta sha ruɗa mutanenmu. Ku tambaya tun yanzu, a rubuce: kyauta ce zalla, ko kyauta ce da ake haɗawa da kasonku, ko rance ne? Kun tuna shirin Anchor Borrowers da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a watan Nuwamba na 2015. Rance ne daga Babban Banki, amma manoma da yawa sun ɗauke shi rabon gwamnati, aka zo biya aka yi ta rikici. Wannan fahimtar ta ɓata sunan manoman kirki a wurin bankuna har yau.

Sannan ko wanda ake ba manomi kyauta, galibi bashi ne a wuyan ƙasa. Shirin L-PRES na bunƙasa kiwo, dala miliyan 500 ne da Bankin Duniya ya amince da su a 2022. Na ACReSAL, mai gyaran ƙasa da ruwa a jihohin Arewa 19 da Abuja, dala miliyan 700 ne da aka amince da su a ƙarshen 2021. Rance ne gwamnati ta ci da sunanmu, 'ya'yanmu za su biya. Na Kano kuwa, wato KSADP, dala miliyan 95 ne, da hannun Bankin Raya Ƙasashen Musulmi a ciki, kuma an tsara shi ne musamman don noma da kiwo tare. Ina faɗar wannan ne don mu daina ganin kuɗin kamar na banza. Idan aka sayi saniya ta mutu da bazara, saniyar ta tafi, bashin yana nan.

Auwal Ɗan Kura: Baba, wannan magana ta shige ni. Ban taɓa kallonsa ta nan ba.

Maman Sadiya: Salamu alaikum. Ina ta karantawa, kowa shanu yake ambata. Malam Habu, mata nawa ne a ƙungiyarku? Domin awakin da tumakin da ka ce suna kowane gida, na su wa ne? Mu ne muke ba su dusa, mu ne muke share turke mu tara taki a bayan ɗaki, maigida ya zo ya kwashe ya kai gonarsa. Amma in tallafi ya zo sai a ce a kawo shaidar mallakar gona, mu kuma gonar ba da sunanmu take ba. Haka muke zama 'yan kallo.

In da ni ce zan rubuta, zan ce a sa awaki a lissafi kafin saniya. Akuya wata biyar take ɗaukar ciki, jar akuya kuma tana yawan haifar tagwaye. Saniya wata tara, sannan ka jira shekaru kafin 'yarta ta haihu. Ranar da yaro ya kwanta ciwo ko aka ce kuɗin makaranta, akuya ɗaya za ka ja zuwa kasuwa, sauran suna nan. Mai saniya ɗaya in ya sayar, garkensa ya ƙare ke nan. Amma ko akuyar ba na so a ba mu sai da rigakafi da abincin rani, domin mun sha kuka a kan wannan.

Malam Habu Sakatare: Hajiya, gaskiya mata kaɗan ne a rajista, kuma su ma zawarawa ne masu gonar gado. Zan kai wannan magana gaban shugabanni.

Isuhu na Maraɗi: Sannunku 'yan uwa na Najeriya. Maganar Hajiya ita ce muke yi nan wajenmu tun da daɗewa. Akwai al'adar Fulani da ake ce ma habbanaye: mutum ya ba ɗan uwansa aron dabba mace, ta haihu a hannunsa, ya riƙe 'ya'yan ya mayar da uwar. Ƙungiyoyin agaji sun ɗauki wannan tsari suna yi da mata a jihohin Maraɗi, Tawa da Damagaram, galibi da jar akuyar Maraɗi. Mace ta karɓi awaki, in sun haihu ta miƙa ma ta gaba. Amfaninsa shi ne, wadda ke jiran layinta ita ce mai sa ido, ba sai ma'aikaci ya taso daga birni ba. Ba mai iya sayarwa a ɓoye, gari duka ya san akuyar wance ce ke tafe.

Game da kuɗi kuma, gwamnatin Nijar ta kafa asusun FISAN na tallafa wa manoma da makiyaya a 2017 ƙarƙashin shirin 3N na wadata ƙasa da abinci. Tsarin da aka saba shi ne kashi 40 kyauta, kashi 10 daga manomi, kashi 50 rance daga banki ko asusun ajiya. Yana da kyau ta wajen sa mutum ya riƙe abin da muhimmanci, tunda guminsa na ciki. Wahalarsa ita ce ƙaramin manomi ba kullum banki ke yarda da shi ba, kuma wasu suna gudun kuɗin ruwa saboda addini.

Abu ɗaya da zan ƙara, wanda ba ya cin kuɗi: ku bar itatuwa su tofo a gonakinku. Mu nan sassabe na zamani ya canza mana gonaki. Gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa gero inuwa, da rani kuma ya yi ganye ya zubo 'ya'ya dabbobi su ci. Ka duba geron da ke gindin gawo ka gwada da na fili.

Alhaji Ɗanladi: Isuhu, na ji daɗin bayaninka. Amma ku yi min adalci, takin akuya huɗu gona nawa zai ɗauka? Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 komai ya tashi, buhun takin zamani ya fi ƙarfin mutane da yawa. In ana son taki mai yawa, sai saniya. Kuma kuɗin huɗa da tarakta yanzu fa? Mai shanun huɗa biyu yana nome tasa gonar, ya yi ƙwadago a ta wasu, da rani ya ɗaura amalanke ya yi dako. Wannan ba riba ba ce?

Malamin Gona, Zariya: A nan kam ina tare da kai, Alhaji. Shanun huɗa daban ne da karsanar da za a ba kowa. Bijimai biyu da garma da amalanke na ƙungiya, a hannun mutum ɗaya da aka san ya iya, ana biyansa ladan aiki, wannan abu ne da ke ciyar da kansa. Amalanken ma shi ne zai kai taki gona. Gidaje da yawa taki yana nan jibge, rana na dukansa, ruwa na wanke shi, saboda kuɗin ɗauka ya gagara.

Amma kar mu yaudari kanmu cewa takin gargajiya zai maye gurbin na zamani gaba ɗaya. Takin yuriya kashi 46 cikin ɗari sinadarin da ke sa ganye ya yi kore ne, takin dabba kuwa ba ya wuce kashi ɗaya zuwa biyu. Aikin takin dabba shi ne ya gyara jikin ƙasa, ta riƙe ruwa, ta riƙe ɗan takin zamanin da ka zuba kar ya zurare a rairayi. A haɗa su ne amfani yake fitowa. Gonar da ta ƙoshi da taki ko wuta-wuta ba ta cika samun ƙarfi a cikinta ba.

Sai maganar iri, wadda nake ganin ita ce mafi arha kuma mafi tasiri a cikin takardar Malam Habu. Masu bincike na cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa (IITA) da ke Kano, tare da cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru, sun daɗe suna fitar da irin wake mai ba da ƙwaya da harawa lokaci guda. Sun kuma gwada tsarin shuka layi biyu na dawa ko masara, layi huɗu na wake, maimakon a warwatsa wake a ƙarƙashin gero inuwa ta danne shi. Wake ya samu rana, ka samu ƙwaya, ka samu harawa, ƙasa ta samu ƙarfi daga saiwarsa. Sharaɗinsa feshi a kan lokaci, in ba haka ba ƙwari su cinye fure. Harawar kuma a ɗaure ta da sauran korenta, a ajiye a inuwa. Wadda ake jibgewa a kan rufin ɗaki ko reshen bishiya rana ta ƙone ta, ganyen ya kakkaɓe, rabin amfaninta ya tafi kafin bazara. Dalilin neman rumfa ke nan.

Dakta Rabi, likitar dabbobi: Ina neman a ba ni dama in yi gargaɗi biyu. Na farko, duk dabbar da aka sayo daga kasuwa, kar a haɗa ta da na gida sai ta yi mako biyu zuwa uku a keɓe. Kasuwa mahaɗar cuta ce. Akwai ciwon nan na awaki da tumaki mai zuwa da majina, zawo da gyambon baki, yana iya share garke cikin kwanaki, alhali allurar rigakafinsa tana nan, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke Filato tana yin ta, kuma allura ɗaya tana kare dabba na shekaru. Shanu kuma ciwon huhu da boru. Na taɓa ganin rabon awakin da aka yi ba keɓewa ba allura, aka rasa na rabon, aka rasa na gida da matan suka daɗe suna tarawa. Ku sa kuɗin allura, maganin tsutsa da ladan ma'aikacin da zai riƙa zagayawa a cikin kasafinku, a layi na kansa.

Na biyu, idan za ku sayi injin daddatsa kara, za ku ji ana cewa a gyara kara da yuriya. Gaskiya ne yana aiki: kilo 4 na yuriya a narkar a ruwa, a yayyafa wa kilo 100 na kara, a danne a rufe da leda kar iska ta shiga, a bari mako uku, a buɗe ya sha iska kafin a ba dabba. Amma yuriya guba ce in dabba ta ci ta tsura ko ta sha ruwanta. Kada kowa ya gwada daga karatun waya, a nemo wanda ya iya ya nuna a aikace.

Kuma don Allah a yi hattara da kwaɗayin shanun Turai. Bunaji da Gudali nononsu kaɗan ne, lita ɗaya ko biyu a rana, amma suna jure zafi da yunwa. 'Yar Turai in ba ruwa, ba inuwa, ba abinci mai kyau kullum, asara ce.

Jauro Bello: Na gaishe ku duka. Ni makiyayi ne, kuma akwai abin da ke damuna a wannan zance. Da can in an yi girbi, manomi ne ke kiranmu mu sauka a gonarsa, shanu su ci kara su bar masa taki, har ya ba mu hatsi, matanmu su ba matansa nono. Yanzu kowa yana kwashe karansa ya killace, ku kuma kuna neman inji ku daddatsa sauran. Ban ce ba haƙƙinku ba ne. Amma shanun da ke hannunmu ina za su? Burtali an nome, mashaya an kewaye. Idan tallafi ya ƙarfafa manomi shi kaɗai ya bar maƙwabcinsa, rikici zai ƙaru. An kafa ma'aikatar kula da kiwo ta tarayya a 2024, muna fata, amma abin da ƙungiyarku za ta iya yi ya fi kusa. Ku sa mu a ciki. Muna da shanu, kuna da gona.

Auwal Ɗan Kura: Jauro, da wa za a yi yarjejeniya? Bara shanu sun shiga min wake tun ban cire ba.

Jauro Bello: Allah ya mayar maka da alheri, ɗan uwa, ban goyi bayan ɓarna ba. Da mu da muke zaune kusa da ku shekara da shekaru za a yi, waɗanda kun san rugarmu, kun san Arɗonmu, 'ya'yanmu na makaranta ɗaya. A zauna gaban mai gari a sa rana: daga ranar kaza an gama kwashe amfani, gonar wane da wane a buɗe suke, garke zai kwana dare kaza a kowace. Wanda ya saɓa a ci shi tara. In kuka samu rarar harawa ko daddatsen kara, mu ne masu saye na farko, ba sai kun kai kasuwa ba. Mu ma mun gaji da tafiya kudu, hanya ba lafiya.

Alhaji Ɗanladi: Wannan kam ya yi. In garken Jauro zai kwana a gonata, takin da nake nema ya samu ba tare da na ciyar da saniya wata bakwai ba. Amma ban janye maganar shanun huɗa ba, Malam Habu, ka rubuta su.

Ma'aikacin Banki Mai Ritaya: Ku kuma tambayi lokacin da kuɗin zai fito, ku rubuta jadawalinku a jikin takardar. Irin wake in bai zo kafin Yuli ba, shekara ta wuce. Rumfa a gama ta kafin Oktoba. Dusa da ƙuli-ƙuli da harawa da kaka ake saye, lokacin da suke araha. In akwai masu son turken raguna, a ƙirga wata uku zuwa huɗu baya daga Babbar Sallah. Sannan injin nan, wa zai riƙe shi, wa zai sayi mai, wa zai gyara in ya lalace? Ku sa ɗan kuɗi a kan kowane buhu da aka daddatsa, ko ɗan ƙungiya ne ya biya, a zuba a asusu, mutum uku su sa hannu kafin a cire.

Maman Sadiya: Baba, a cikin ukun nan ɗaya ta zama mace. Malam Habu, in sharaɗin shaidar gona ne zai hana mu shiga, ka tambaye su ko takardar mai unguwa ta isa, cewa wance tana noma gayauna a gonar mijinta kuma tana da awaki kaza. In sun yarda, ka turo min yadda ake rajista, akwai mata a unguwarmu da muke adashi tare, kowacce da turkenta.

Dakta Rabi, likitar dabbobi: Hajiya, kafin nan ku ƙirga awakinku gida-gida ku kai wa ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma. Kwalbar allurar ta dabbobi da yawa ce, kuma in an haɗa ta dole a ƙarar a cikin 'yan sa'o'i, don haka sai an tara su wuri ɗaya da sassafe.